Gwajin abincin da jiki ba ya so

Ɗakin gwaje-gwajenmu ƙarami ne, a nan cikin Kano, kuma yawancin aikin yini shi ne wanda kowa ya sani: maleriya, taifod, sikari, rukunin jini. Amma aikin da nake tinƙaho da shi shi ne gwajin alajin abinci, wato gano abin da ke kawo wa mutum borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi in ya ci shi.

Kafin allura ta taɓa kowa sai mun zauna tukuna. Me yaron ya ci? Bayan minti nawa abin ya feso? Ya taɓa cin sa a baya lafiya lau? Irin alajin da muke gwadawa ba ya jinkiri, yawanci cikin mintoci zuwa awa 2 yake bayyana. Da yawa masu cewa madara ba ta karɓe su ba, kumburin ciki ne da gudawa ke damunsu, domin hanjinsu ba ya iya narkar da sikarin da ke cikin nono. Wannan daban yake, gwajinmu ba zai nuna shi ba, kuma nakan ce musu su riƙe kuɗinsu su je su ga likita.

Wurin wata malama na koyi wannan zaman, lokacin da nake aiki a ƙarƙashinta a wani babban asibiti. Mace ce mai tsauri, ba ta karɓar takardar gwaji in babu tarihin maras lafiya a jiki. Ita ta koya mana gwajin fata, kuma a damtsenmu muka fara, da ruwan gishiri, har sai hannu ya iya tsaga saman fata ba tare da jini ya fito ba. Ana ɗiga ruwan da aka tato daga gyaɗa, ko ƙwai, ko kifi, ko alkama, kowane a gurbinsa mai lamba, a ɗan soka da tsinken ƙarfe, sabon tsinke ga kowane ɗigo. Gefe guda akwai ɗigon histamin, sinadarin da ke sa fata kumburi da ƙaiƙayi, wanda dole ya tashi, da na ruwan gishiri wanda dole ya kwanta. In ɗayansu ya saɓa, gwajin ya lalace ke nan. Bayan minti 15 a sa ma'auni. Kumburin da ya ɗara na ruwan gishiri da milimita 3 shi ake lissafawa. Har yau ba ma yin sa sai ranar da likita yake nan, allurar adirenalin, ta gaggawa in alaji ya yi tsanani, kuma tana kan tebur.

Mai ƙyasbi ko ƙuraje da yawa a fata, ko wanda ba zai iya barin maganin ƙaiƙayi ba, jini muke ɗauka a auna IgE, sinadarin da garkuwar jiki ke yi a kan abin da take ganin cuta ne, na kowane abinci. Ruwan gwajin nan sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, shi ya sa na haɗa firij da sola. Duk da haka sai dillali ya aiko maka kaya daga Legas ƙanƙarar cikin kula ta narke tun a hanya, ya kuma rantse lafiyarsu ƙalau. Mayar masa nake yi, ko da za mu yi mako ba mu yi gwaji ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu na'urar nan da ake ba mutum ƙarfe ya riƙe, kwamfuta ta fitar da doguwar takarda. Uwa za ta shigo da yaro ya rame, an hana shi ƙwai, wake, kifi, madara da ƙuliƙuli, alhali bai taɓa yin ko ƙaiƙayi ba da ya ci su. To me ya rage masa, koko? Ko gwajin jini na gaskiya yakan nuna alamar da ba ciwo ba ce. An yi bincike a Ghana, an sami yaran makaranta masu IgE na gyaɗa a jini amma suna cin ta babu komai, aka danganta abin da tsutsar tsargiya. Mu ma muna da yara masu wanka a kududdufi da bakin dam. Saboda haka sakamakonmu wurin likita yake komawa, shi zai haɗa shi da tarihi, in da shakka a ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a asibiti ana kallonsa. Kada a gwada wannan a gida.

Sai kuma ciniki. "Haba malam, can abinci ɗari suke dubawa a rabin kuɗinka." Nakan ce, "Hajiya, uku ko huɗun da labarin ɗanki ya nuna su zan duba, kuma zan tsaya a kan abin da na rubuta." Wasu su tafi, wasu su dawo da takardar can a hannu.

Mai zuwa gwajin fata ya tambayi likitansa yadda zai dakatar da maganin ƙaiƙayi, wato Piriton da ire-irensa, kwanaki kafin ranar, domin suna danne kumburin. A zo da ledar abincin da ake zargi, da hoton borin jinin in an ɗauka a waya. Wanda kuwa leɓensa ya kumbura numfashi na sarƙewa, asibiti za a kai shi nan take, gwaji ya jira sai ya warke.