Ranar addu'ar ukun Kawu

Yau aka yi addu'ar uku. Tun bayan sallar asuba muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kafa rumfa, don ranar bazara a Kano kafin ƙarfe tara ta fara dukan ƙeya. Liman ya zo da mutanensa, aka yi karatu, aka yi salati, aka shafa. A cikin gida mata sun yi sammakon tuyar waina, yara sai shige da fice suke da faranti. Wasu abokan Kawu ba sa zaman uku da bakwai, suna ganin ba shi da asali, amma sun zo sun yi gaisuwa sun wuce, ba wanda ya tanka wa wani. Da ma shi bai taɓa yarda a yi gardamar addini a ƙofar gidansa ba.

Shekara huɗu ya yi yana jinya. Hawan jini da suga ne suka fara, daga baya suka taɓa ƙoda. Likita ya ce wankin ƙoda sau uku a mako, aljihu ya ce sau biyu, ƙarshe ma sai yadda ta yiwu. Kowane zuwa wajen awa huɗu yana kwance, jini na bin roba ya shiga na'ura ya dawo. An sayar da filinsa, an sayar da kekunan ɗinki biyu cikin uku. Amma abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ruwa. An ƙayyade masa abin da zai sha a yini, ga zafi, ga randa a gabansa. Sai Inna, matarsa, ta fasa ƙanƙara ƙanana ta sa a kofi, ya riƙa tsotsa ɗaya bayan ɗaya. In ka ce "Kawu, ya jiki?" sai ya ce da sauƙi, nan take ya juya maganar: an yashe kwatar bakin masallaci kuwa?

Wajen hantsi wata dattijuwa ta zo, ban santa ba. Ta ce tana cikin masu bi gida gida suna ɗiga wa yara rigakafin shan inna a shekarun baya. Ita ta tuna mana abin da ni lokacin ina yaro ban fahimta ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano, ana ta raɗe-raɗin wai yana hana haihuwa, kuma mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a 1996 ba, don haka tsoron ba daga sama ya faɗo ba. Da aka dawo da aikin a 2004, ta ce gidaje da yawa a layinmu ko sallama ba a amsa musu. Kawu ne ya saɓo autansa a kafaɗa, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya buɗe bakin yaron aka ɗiga masa a gaban kowa. Daga nan ya riƙa shiga gaba, yana sallama da masu gida ɗaya ɗaya, su kuma suna biye da akwatin sanyi da allin da suke rubutu a bango. Ta ce ko sisi bai taɓa karɓa ba. Autan nan shi ne yau yake zuba wa baƙi ruwa, ga gemu har ya cika. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma a takardun da aka rubuta ba za ka ga sunan irin su Kawu ba.

Mu abin da muka fi saninsa da shi makabarta ce. Duk damina in ruwa ya rufta da kaburbura, shi ke bin samari gida gida da asubar Asabar, a kwashi shebur da diga da kwanon sarki a tafi. Kuma da yake tela ne, ba ya rabuwa da farin alawayyo a shago. In talaka ya rasu, ko da tsakar dare ne, za a buga masa ƙofa ya tashi ya haɗa likkafani, ba maganar kuɗi. Shekaranjiya da nasa ya zo, yaransa na shago har rige-rigen ɗinkawa suka yi.

Akwai abin da ya ɗan tsaya min a rai. Wani mai neman kujera ya zo da zugar motoci, ya daɗe yana yabon marigayi da murya sama, ana ɗaukarsa a waya. Duk tsawon jinyar nan ko leƙe bai taɓa yi ba. Waɗanda suka riƙe mu su ne mai shayin bakin titi, da direban adaidaita sahun da ke kai shi asibiti ya ƙi karɓar kuɗin dawowa, da matan layi da suka riƙa haɗa taro da sisi. To, Allah ya ba kowa ladan niyyarsa.

Bayan azahar na shiga wajen Inna. Tana zaune a kan tabarma, ta fara takaba, wata huɗu da kwana goma a gabanta.

"Inna, ya ƙarin haƙuri?"

"Alhamdulillahi, ɗan nan. Ka ci abinci?"

Umma na gefenta, ido ya kumbura, tana ba da labarin yadda Yayanta ke goya ta a keke zuwa makaranta, da yadda ya kwaso marayun ƙaninsu uku ya haɗa da nasa, har baƙo ba ya iya bambance ɗan gida da ɗan riƙo. Inna ta ce tunda aka kawo ta gidan nan, in dai yana gari bai taɓa cin tuwon dare a waje ba, kuma ba ya shigowa hannu rabbana, ko rake ne sai ya riƙo. Ni dai a ganina rabin yabon da ake yi masa a waje nata ne. Ita ke dama kunun 'yan aikin gayya, ita ke haƙuri in kuɗin cefane ya koma kuɗin alawayyo, ita kuma ta kwana a zaune shekara huɗu. Da na faɗa mata haka sai ta harare ni, ta ce in tashi in kai wa baƙi buta.

Da aka idar da magariba samarin unguwa suka taru a soro, suna ta sunkuyar da kai, ashe mukullin ɗakin kayan aiki suke so. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, kwatoci a cike suke da leda, kuma tun da Kawu ya kwanta aikin ya zama na ganin dama. Inna ta aiko da mukullin, da wani tsohon littafi da yake rubuta wanda ya ari shebur da wanda bai dawo da shi ba. Muka duba, mutum biyu cikin masu zaman nan sunansu na ciki, aka yi dariya, ta farko a gidan tun ranar rasuwar.

An tsayar da Asabar bayan asuba, za a fara daga bakin masallaci. Ni aka ɗora wa baro, kuma na duba tayarsa a sace take, gobe sai na biya wajen mai faci kafin in wuce aiki.