Allurar Ɗibar Jini: Abin da Na Gani da Abin da Jikina Ya Ji

Tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, zuwa ɗakin gwaje-gwaje ya shiga cikin matakan neman aure, domin dokar ta tanadi a duba jinotaif (wato gwajin gadon sikila) da ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki kafin a ɗaura. Ta wannan ƙofar ni ma na shiga. Na haura shekara talatin a duniya ba a taɓa ɗibar jini daga jijiyata ba, iyakar abin da na sani shi ne tsira ɗan yatsa da ake yi idan za a duba zazzaɓin cizon sauro. Abokaina da suka zo neman aure a bayana kusan tambaya ɗaya suke yi mini, wato ko abin da zafi. Amsar da nake ba su ita ce, ƙwarai akwai zafi, amma ɗan kaɗan ne kuma na 'yan daƙiƙu, abubuwan da suka fi cancanta mutum ya sa wa hankali kuwa suna gabanin allurar ne da kuma bayanta.

Da na yanki kati na shiga wurin likita, kafin ya rubuta komai sai ya tambaye ni ko akwai mai ciwon sukari ko hawan jini a gidanmu. Na ce masa mahaifina ya daɗe yana shan maganin sukari. Sai ya ce tunda dai allura ɗaya za a soka, bari ya ƙara mini gwajin sukari da ƙidayar ƙwayoyin jini a kan waɗanda na zo dominsu. Ya ce, "Malam, daga ƙarfe goma na dare kada ka ƙara cin komai, ka zo da takwas na safe. Ruwa kam ka sha, amma zalla. Ban da shayi, ban da koko, ban da goro." Na ce, "Likita, har ruwa ya halatta?" Ya ce ai shan ruwan ma taimako ne, domin jikin da ya ƙoshi da ruwa jijiyoyinsa sun fi fitowa, wanda kuma ya kwana da ƙishi shi ne wanda ake wahala wajen neman jijiyarsa har a soke shi fiye da sau ɗaya.

Wannan bayanin ya yi mini amfani matuƙa, domin mutanenmu da yawa, da zarar an ce su zo ba su karya ba, sai su kame baki ɗungurungum yadda muka saba a watan Ramadan, su iso asibiti leɓe a bushe, jiki a sanyaye. Abin da ake so kawai shi ne abinci da duk wani abu mai zaƙi su nisanci cikin mutum na aƙalla awa takwas, domin a ga ainihin yawan sukarin da ke yawo a jininsa ba wanda tuwon dare ya kawo ba. Sauran gwaje-gwajen, irin su jinotaif da na hanta da na cuta mai karya garkuwar jiki, babu ruwansu da ko mutum ya ci ko bai ci ba. Wanda kuma yake kan wani magani na kullum, musamman maganin sukari ko na tsinka jini, wajibi ne ya faɗa wa likita tun a wannan zaman, kada ya yanke wa kansa hukuncin sha ko bari.

Washegari na sa riga mai faɗin hannu, na kuma gode wa Allah da na yi haka, saboda na ga wani dattijo a layi sanye da kaftani mai matsattsen hannu, sai da ya cire maɓallan ya yi ta fama kafin hannun rigar ya wuce gwiwar hannunsa. Bayan na biya kuɗi na miƙa rasit da takardar likita, sai aka ce in zauna a benci. A gaskiya wannan zaman jiran shi ne mafi nauyin abin da na fuskanta a ranar. Kana jin kukan yaro daga ciki, kana ganin mutane suna fitowa da auduga a danne a hannu, kowa kuma a bencin yana da labarin wani da aka yi ta soka ba a samu jijiya ba. Zuciya kan ɗauki ƙaramin abu ta kambama shi, ga kuma yunwar safe tana taya ta.

Wadda ta ɗebi jinina wata dattijuwar ma'aikaciya ce da kowa ke kira Hajiya. Ta tambayi cikakken sunana da shekaruna, ta gwada da abin da ke kan takarda, sannan ta rubuta a jikin ƙananan kwalabe guda uku masu murfi launi daban-daban. Ta sa safar hannu, ta ce in miƙe hannuna a kan tebur tafin yana kallon sama, ta ɗaure mini damtse da wata roba, ta ce in dunƙule hannu. Sai ta shiga laluben lanƙwasar hannuna da ɗan yatsanta, tana dannawa a hankali, har ta tsaya a kan wata jijiya da ni kaina ban gan ta da ido ba. Daga baya ta gaya mini cewa su da taɓawa suke aiki fiye da gani, domin jijiya mai kyau tana da wani taushi da ke dawowa idan an danna ta, saboda haka duhun fata ko ƙiba ba sa hana gwani samun ta. Ta goge wurin da auduga mai sifirit, ta ɗan dakata ya bushe, ta yage ledar sabuwar allura da sirinji a gabana.

"Ɗana, kawar da kanka wancan gefen, ka saki jikinka. Amaryar 'yar wace unguwa ce?" Ina cikin ba ta amsa na ji tsini ya shiga, kamar ƙaya ta soki mutum, kafin in rufe baki zafin ya wuce. Abin da ya rage shi ne ɗan nauyi-nauyi a wurin, wanda ba zan kira shi ciwo ba. Fitar jinin kanta ba a jin ta ko kaɗan. Ta ce in buɗe hannuna, ta kwance robar, ta zare allurar, ta ɗora busasshiyar auduga ta ce in danne sosai. Tsakanin shigar allura da fitarta bai kai minti ɗaya ba. Ta jefa allurar cikin kwalin da aka tanada domin abubuwa masu tsini, ta rarraba jinin a kwalaben, tana juya su sama da ƙasa a hankali ba tare da girgizawa ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, tsira ɗan yatsan da na saba da shi, na kuma raina, ya fi wannan raɗaɗi. Dalilin a fili yake: kan yatsa cike yake da jijiyoyin da ke kai saƙon taɓawa da zafi zuwa ƙwaƙwalwa, fatar lanƙwasar hannu kuwa ba ta kai shi ji ba. Jiran da ta yi sifirit ya bushe ma ba ɓata lokaci ba ne, domin idan allura ta shiga da danshinsa sai wurin ya yi zugi. Haka nan robar damtse ba a so ta wuce kamar minti ɗaya a ɗaure, saboda daɗewarta tana iya sauya sakamakon wasu gwaje-gwajen.

Da na naɗe hannuna a kan audugar, kamar yadda na ga kowa yana yi, sai Hajiya ta ce, "A'a, miƙe shi. Danna da yatsa kawai, ka riƙe minti biyu ko uku." Ta ce naɗewar ce ke sa jini ya silale ƙarƙashin fata ya kwanta, wurin ya yi baƙi. Ko da hakan ta faru ba abin tayar da hankali ba ne, yakan baje da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, amma mai shan maganin tsinka jini sai ya daɗe yana dannawa fiye da kowa. Akwai abu ɗaya da ta ce kada mutum ya yi shiru a kansa saboda nuna jarumta: idan allura ta shiga ya ji zafi mai tsanani ya harba har cikin yatsu kamar jan lantarki, ya faɗa nan take a zare, domin alama ce ta an taɓo jijiyar ji. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma sani ya fi rashinsa.

Ina zaune ina danne da audugar aka shigo da wani saurayi majiyi ƙarfi, wanda tun kafin a gama ɗibar jininsa gumi ya karyo masa, ya ce yana ganin jiri. Ba wanda ya rikice a cikin ma'aikatan. Suka kwantar da shi a gado, suka ɗaga ƙafafunsa, cikin 'yan mintuna ya dawo hayyacinsa yana ta jin nauyin mutane. Ban ga abin kunya a nan ba, kuma ina ganin bai kamata a riƙa yi wa irinsu dariya ba. Wasu mutane haka jikinsu yake, ganin jini ko fargabar allura kan sa bugun zuciyarsu ya ragu, jini ya yi ƙasa na ɗan lokaci, ba kuma yawan jinin da aka ɗiba ne ya jawo ba. Wanda ya san yana da wannan hali ya faɗa tun da farko, a ɗebi nasa yana kwance.

Maganar yawan jinin ma tana bukatar a tsaya a kanta, domin ita ce ke hana dattawanmu da yawa zuwa asibiti. Babban mutum yana ɗauke da jini kusan lita 5 a jikinsa. Yawanci kwalbar gwaji ba ta wuce mililita 2 zuwa 5 ba, wato cikin ƙaramin cokalin shayi ko ƙasa da haka. Mai ba da gudummawar jini ana ɗibar masa kimanin mililita 450 a zama ɗaya, ya tashi ya tafi harkokinsa. Ɓargo kuma ba ya hutawa wajen ƙera sababbin jajayen ƙwayoyin jini, tunda kowace ɗaya kwana 120 kawai take yi ta mutu a maye gurbinta. Saboda haka babu bukatar mutum ya fita neman lemon malt da madarar gwangwani da sunan mayar da jini, karin kumallonsa na yau da kullum ya wadatar. Jita-jitar cewa ana tara jinin gwaji a sayar ita ma ba ta da tushe, domin wasu kwalaben akwai sinadarin hana daskarewa a cikinsu, wasu kuma ana barin jinin ya daskare da gangan, ko ta wace hanya dai ba ya ƙaruwa ga wani mutum.

Sakamakon bai fito gaba ɗaya ba. Na sukari da na hanta da na cuta mai karya garkuwar jiki a ranar na samu, bayan wani ma'aikaci ya zauna da ni a keɓe ya yi mini bayani, na jinotaif kuwa sai da na koma. A nan na fahimci bambancin da mutane da yawa ke cakuɗawa: rukunin jini, wato A da B da AB da O, shi ake dubawa wajen ƙarin jini, jinotaif kuwa, irin su AA da AS da SS, shi ke nuna ko mutum yana ɗauke da gadon sikila. Nawa ya fito AS. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya haka suke, lafiyarsu ƙalau, amma idan AS ya auri AS, to kowane ciki da aka samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai ciwon sikila. Ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ake nufi ba, kowane ciki lissafinsa daban, shi ya sa ake samun gidan da yara biyu ko uku a jere suke fama. Kwanakin da na yi ina jiran sakamakon wadda zan aura sun fi allurar nan nauyi nesa ba kusa ba. Nata ya fito AA, muka yi hamdala, amma duk da haka likita ya ce mu sake gwadawa a wani ɗakin gwaje-gwajen daban, domin ana samun kuskure, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini cikin watanni uku da suka wuce sakamakonsa na iya fitowa ba daidai ba. Mun sake, ya tabbata.

Takardar sakamako ba abar da mutum zai karanta wa kansa ya yanke hukunci ba ce. Likita ya nuna mini cewa sukarina yana ƙasa da 126 a ma'aunin sukarin jini (mg/dL), adadin da idan an kai shi ba a ci komai ba, aka kuma maimaita ya tabbata, ake cewa ciwon ya kama mutum, amma saboda tarihin mahaifina ya ce in riƙa dubawa lokaci-lokaci. Ya kuma ja hankalina cewa gwajin gaggawa na cuta mai karya garkuwar jiki zai iya kasa gano kamuwar da ba ta kai wata uku ba. Game da ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na baligai a Najeriya suna ɗauke da shi, ya ce tunda ba a same shi a jinina ba, lokacin yin rigakafi ke nan: allura uku, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. A ranar na karɓi ta farko a damtse, kuma ita kam ta bar mini tsamin hannu har washegari, abin da allurar ɗibar jinin ba ta yi ba.