Fatishin ɗaya kawai Hajiya ta ce in dawo mata da shi

Har yau in na tuna da aikin kwamfutar Hajiya sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Tana da shagon buga takardu a Tudun Wada, yawanci furojet ɗin ɗaliban Poly suke bugawa, kwamfutar kuma tsohuwar tebur ce mai Windows 7 da had-dis mai giga 500. Wata uku kafin abin ya faru na ɗauki imej ɗin dis ɗin gaba ɗaya, wato kwafinsa sak a fayil ɗaya, da dd, umarnin Linux mai irin wannan kwafi, na ajiye a nawa had-dis ɗin na waje. Sai ga shi yaron shagonta ya zo fomat ɗin filash ya danna D, wato fatishin ko ɓangaren dis ɗin da duk aikin mutane yake.

Ta kira ni muryarta na rawa, "Malam, C ɗin nan mai Windows kar ka taɓa shi, D kawai za ka dawo min da shi." Na ce Hajiya kwantar da hankalinki, ai muna da bakof.

Wannan maganar ce ta sa ni gaggawa. Na tayar da na'urar da Linux na filash, na ga D shi ne sda3, sunan da Linux ke ba fatishin na uku, kawai na ce wa dd ya kwashe imej ya zuba a sda3, na fita cin abinci. Kusan awa biyu yana rubutu kafin ya tsaya ya ce wuri ya ƙare. A nan jikina ya yi sanyi. Imej na dis sukutum ai ba daga D yake farawa ba, daga sekta ta farko yake farawa, wato ƙaramin yankin farko na dis, inda teburin da ke nuna iyakar kowane fatishin yake, sai ƙaramin fatishin ɗin nan mai mega 100, sai C. Wato tsohon C na shimfiɗa a kan D, giga 200 cif.

Alhamdulillahi C na gaske bai taɓu ba tunda a cikin sda3 kaɗai na rubuta. Amma abin da ke cin raina shi ne yaron fomat na sauri ya yi, wanda ba ya share ainihin bayanai, suna nan kwance a ƙasa. Da na fara sa PhotoRec ko TestDisk, manhajojin ceto bayanan da suka ɓace, ko ma in ɗauki sabon imej na D kafin in taɓa komai, da wataƙila mun ceto aikin wata ukun da babu shi a bakof. Ni da hannuna na binne shi, ba yaron ba.

Hanyar da ta dace kuwa ko minti biyar ba ta ci ba wajen shiryawa. Ka sa umarnin fdisk -l a kan fayil ɗin imej zai nuna maka sektar da kowane fatishin ya fara, na farko a 2048, in ka ninka da 512 ka samu inda yake a bayit. Ko ka huta da lissafi ka yi losetup da -P da -r, umarnin da ke buɗe imej kamar dis, sai ga fatishin ɗinsa uku, loop0p1, loop0p2, loop0p3, sun fito kuma ba za ka iya rubutu a kansu ba ko da kuskure. Ita na bi daga baya: na buɗe loop0p3, wato D na cikin imej, na ga foldojin da idona tukuna, na gwada girmansa da na sda3 ya zo daidai, sannan na kwafa. Komai ya dawo har ranar da na ɗauki imej, daga nan kuma babu.

Na faɗa wa Hajiya gaskiya. Ta yi shiru can ta ce, "Allah ya kiyaye gaba, ɗana." Da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi wallahi. Ban karɓi ko sisi ba, kuma sati biyu ina zuwa shagon bayan Magariba muna sake buga furojet huɗu daga kwafin da ɗaliban suka riga suka karɓa a takarda. Na biyar ɗin yarinyar ba ta taɓa firintin nata ba, rubutun hannunta ta sake kawowa.