Rular ƙarfen da na manta

Shekara kusan arba'in ke nan, amma har yau in na tuna sai raina ya sosu. A lokacin asibitinmu ba shi da na'urar sikanin, eksire kawai muke da shi. Likita ya turo min wata yarinya mai cikin fari, gajeriya, wata tara cif. Ya riga ya gwada ƙugunta da hannu, ya ga da ƙyar ne, yana so in auna masa kan jaririn. Tsoronsa doguwar naƙuda, domin mun sha ganin yadda take barin 'yan mata da yoyon fitsari.

Hoton ya fito tas, har na ji daɗi. Rular ƙarfen da ake ajiyewa daidai tsayin kan jaririn, don ta fito a fim a gyara lissafi da ita, tana cikin aljihun tebur. Ai eksire kamar tocila yake. Ka sa hannunka a gabanta, inuwar da ke bango ta fi hannun girma. Na san wannan sarai, a makaranta ma shi aka fara koya mana. Amma layi ya yi tsawo, ana tsoron ɗauke wuta, sai na ɗora rular katako a kan fim ɗin na rubuta santimita 11. Faɗin kan jariri a wata tara bai cika wuce 9.5 ba.

Washegari aka yi mata tiyata. Da yamma ungozoma ta leƙo ɗakina da tef ɗin awo a wuya, ta ce, "Malam, ina ƙaton kan naka?" Kewayensa santimita 34, kamar na kowane jariri.

Daga baya na fahimci ko da na sa rular, hoton ba ya faɗin yadda ƙasusuwan kai ke haɗuwa su matse a lokacin naƙuda. Ga kuma binciken wata likita mai suna Alice Stewart na 1956 a Ingila, wanda ya danganta yi wa masu ciki eksire da kansar yara. Shi ya sa yanzu nake ce wa yaranmu na wurin aiki a bar wa sikanin wannan aiki. Sai dai duk wannan bai wanke ni ba, rular ce na manta.

Yarinyar ta dawo bayan shekara biyu da wani cikin, surukarta na biye da ita tana mita wai an tsaga musu yarinya a banza. Ni na karɓi katinta, ban iya ɗaga kai ba.