Kafin Ka Tafi Hutu, Ka Miƙa Aiki

Abokan aiki, akwai abin da ke damuna ƙwarai. Mutum zai tafi hutu ko an yi masa canjin wurin aiki, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa wanda zai riƙe masa, "Komai na cikin kwamfuta." A wane fayil? Kafin kwana biyu an fara kiransa a waya, ransa ya ɓaci, aiki kuma ya tsaya cak.

Takardar miƙa aiki ba sai ta wuce shafi 2 ba, amma a fara ta mako guda kafin tafiya. Duk aikin da bai ƙare ba, a rubuta inda ya tsaya, wa ake jira, da ranar da ake buƙatarsa. Nan ne aka fi sakaci. Sai a rubuta "ana bibiya", alhali abin da mai karɓa ke so ya gani shi ne "an tura sashen kuɗi ranar Talata, saura sa hannun shugaba". Alƙawarin da ka yi wa abokin hulɗa da baki, shi ma ka saka, don ba ya cikin kowane fayil, kuma idan ya dawo nema ba wanda zai san zancen.

Kalmar sirrinka kuwa kada ka bayar. Masu kula da kwamfuta su buɗe wa mai karɓa tasa hanyar, domin duk abin da aka yi da sunanka, kai za a tambaya. Sannan ku zauna minti 30, ya karanta a gabanka, ya yi tambayoyinsa, a tura wa shugaban sashe kwafi.