An haɗa min 'ya da 'yan aji 2, na ɗauka maimaici aka sa ta

Nan lardin Ontario na ƙasar Kanada ana komawa makaranta ne a farkon Satumba, washegarin hutun ma'aikata. Ranar na raka takwarar Hajiya har filin makaranta, malamai na tsaitsaye kowa riƙe da kwali an rubuta ajinsa, muka bi layi muna neman sunanta sai ga shi a hannun wata malama, a saman kwalin an rubuta 2/3. Na sake dubawa ko idona ne. Yarinyar da ta gama aji 2 da A kusan a komai, littafi ba ya kwana biyu a hannunta, wai ita ce za ta koma zama da yaran da jiya-jiya suka fito daga aji 1? Wallahi haka na dawo gida raina a jagule.

Kuskuren da na yi shi ne na faɗa wa Hajiya a WhatsApp kafin in gane kan abun. Ta ce "ke, kishiyar tawa suka mayar baya? Mu nan yaro in yana da ƙoƙari tsallake ake masa." Kuma gaskiyarta, mu da muka tashi a gida mun san yara nawa ne ba su taɓa shiga aji 6 ba, daga 5 sai sakandare. Na ce Hajiya ba maimaici ba ne fa, amma ni kaina a lokacin ban yarda da abun da nake faɗa ba.

Da na samu firinsifal sai ta jawo takarda ta fara min lissafi, ashe maganar ba ta ƙoƙarin yaro ba ce ko kaɗan, ta kujeru ce. Dokar lardin ta ce daga aji 1 zuwa 3 yawancin azuzuwa kada su wuce yara 20, kuma ko yaya kada wani ya haura 23. To in 'yan aji 3 sun yi wa aji ɗaya yawa amma ba su kai cika biyu ba, sai a kwashi rarar a haɗa da rarar aji 2 a ba su malama ɗaya. Su 8 ne 'yan aji 3 a ajin, sauran 12 ƙanana. Na ce to cikin duk yaran nan me ya sa sai tawa? Ta yi murmushi ta ce ai ita ba sai an tsaya a kanta ba, in aka ba ta aiki tana yi ita kaɗai.

Na fito ina jin daɗi kamar an yabe ni. Sai da dare ina wanke-wanke maganar ta dawo min da wata fuska, wato an zaɓe ta ne saboda ita ce za a iya bari. Na ɗan bibiyi abun a intanet, akwai wani masani ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, da a 1995 ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya ce babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin yaran ajin haɗaka da na ajin da ba a haɗa ba. Wasu masanan biyu, Mason da Burns, suka ce masa a'a, ai shugabannin makarantu sukan tsince yara masu natsuwa da ƙwararrun malamai su zuba a irin ajin nan, don haka in sakamako ya zo daidai to akwai abun da ya zube a hanya. Ni dai ta biyun ta fi kwanta min, don ita na ji da kunnena a ofishin firinsifal.

Wajen Oktoba abun ya fara nunawa. In na ce me kuka yi yau sai ta ce ta gama nata da wuri, malama ta ce ta je ta taya wani yaro karatu. Yau haka gobe haka. Babansu shi ko a jikinsa, wai ai haka makarantar allo take, malam ɗaya, ga mai babbaƙu ga mai farfaru ga wanda ya kusa sauka duk a zaure ɗaya, manya na biya wa ƙanana kuma ba wanda ya taɓa cewa an cuce shi. Na ce haka ne Baban Ummi, amma a can kowa da allonsa, in ka haddace naka ka wanke a ɗora maka gaba, ba wanda zai ce ka jira na kusa da kai. Ita wannan ta wanke allon ne aka bar ta da shi fari fes.

Da aka ba da ripot na Nuwamba aka kira iyaye, ban je da faɗa ba, don malamar nan tana ƙoƙari, manhaja biyu take ja a lokaci ɗaya, kimiyya kaɗai 'yan aji 2 na kan dabbobi su kuma 'yan aji 3 na kan tsirrai. Abu ɗaya na roƙa: in ta gama aikinta a ba ta wanda ya fi wuya, ba a ƙaro mata irin wancan guda goma ba, taya ƙanana kuma ya zama sau ɗaya ko biyu a sati. Na kuma tambayi zancen EQAO, jarrabawar lardi da 'yan aji 3 ke yi a ƙarshen shekara ta karatu da rubutu da lissafi, ta ce su takwas ɗin za ta ware su ta shirya su.

Yanzu akwai wata jakar leda shuɗiya a cikin teburinta da tambayoyin lissafi masu sa ta tauna fensir. Jiya ta zo da ɗaya gida ta kasa, ta yi kuka har da shessheƙa, karo na farko kenan da lissafi ya sa ta kuka. Na zauna zan nuna mata, ni ma na kasa, muka ajiye wa babansu.