Abin da Iyakar Kurmi da Dajin Turare ta Koya Mini Game da Wuta

A gabashin ƙasar Ostireliya, tun daga arewacin jihar Kwinslan har zuwa tsibirin Tasmaniya, akwai wurare da dama inda dazuzzuka iri biyu suke maƙwabtaka a kan tudu ɗaya, ruwan sama ɗaya yake sauka a kansu, amma halinsu game da wuta ya sha bamban ƙwarai. Ɗaya shi ne kurmi mai duhu, wanda rassan itatuwansa suka haɗe a sama har hasken rana ba ya isa ƙasa sai ɗan kaɗan. Ɗayan kuwa dajin yukaliftus ne, wato itacen turare da aka kawo mana irinsa aka dasa a shingayen tare iska a arewacin Najeriya. Bisa rahoton gwamnatin ƙasar na shekarar 2018, dazuzzukan turare sun mamaye hekta miliyan 101, kurmi kuwa bai wuce hekta miliyan 3.6 ba. Dajin turare yana cin wuta a kai a kai, kurmi kuwa yana iya shafe ɗaruruwan shekaru wuta ba ta ratsa shi ba, alhali wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taku kaɗan. A kan irin wannan iyaka na yi aikin fili lokacin da nake karatun ilimin gandun daji a arewa maso gabashin jihar New South Wales, kuma tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: mene ne ainihin abin da yake tsayar da wuta a bakin kurmi?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce man da ke cikin ganyen turare. Duk wanda ya taɓa murza ganyen a tafin hannunsa ya san ƙamshin nan mai ratsa hanci, kuma gaskiya ne cewa man yana kama wuta. A shekarar 1970 wani masani ɗan Amurka, Robert Mutch, ya kawo ra'ayin cewa tsirran da suka dogara da wuta wajen yaɗuwa wataƙila sun samu halayen da ke sa su ƙone cikin sauƙi, kuma mutane da yawa sun ga kamar turare ne babban misalin wannan magana. Sai dai a shekarar 2014 Peter Clarke na Jami'ar New England da abokan aikinsa sun gwada ganyen tsirrai 'yan dangi ɗaya, kashi 11, kowane kashi da ɗaya daga kurmi ɗaya daga dajin turare, kuma ba su samu cewa na dajin turare ya fi kama wuta a kowane lokaci ba. Abin da muka gani a ɗakin gwaji bai saɓa wa wannan ba. Idan aka busar da ganyen kurmi a tanda har ya yi ƙayau, sannan aka kusanto masa da wuta, ci yake yi ba tare da wata gardama ba. Icen girkin da ya ƙi kamawa a tsakiyar damina shi ne dai wanda yake ci bal-bal a watan Maris, kuma babu abin da ya sauya a jikinsa sai yawan ruwan da ya riƙe.

Wannan ne ya mayar da hankalina daga ganye ɗaya zuwa ga dajin baki ɗaya. Aikinmu shi ne mu ja layi daga cikin dajin turare zuwa tsakiyar kurmi, mu rataya ƙananan na'urorin auna zafi da laima a jikin itatuwa, sannan mu riƙa ɗibar busasshen ganyen da ya zube a ƙasa muna auna nauyinsa kafin a busar da shi da kuma bayan an busar. Tun kafin na'ura ta faɗi komai, hannu yana ba da labari. A ɓangaren turare, idan mutum ya damƙi ganyen ƙasa da rana tsaka, sai ya ji yana kakkaryewa a hannunsa, ga dogayen ɓawon itace da suka saɓule sun rataye a rassa ko sun zube kan ciyawa, ga rana tana dukan ƙeya, domin ganyen turare a tsaye yake ratayewa, ba ya tare haske sosai. Da an shiga ƙarƙashin kurmi kuwa, sai iska ta ɗauke, sanyi ya sauka a jiki, ganyen da aka damƙa ya lanƙwashe maimakon ya karye, ƙarƙashinsa baƙi ne mai danshi wanda farin zaren naman gwari ya ɗinke, ga matsattsaku suna hawa takalmi. Ciyawa ba ta samun hasken da za ta tsiro a wurin, ganyen da ya faɗi kuma yana ruɓewa da wuri, saboda haka makamashin da wuta za ta ci ba ya taruwa kamar yadda yake taruwa a maƙwabta.

Na'urorin sun tabbatar da abin da hannu ya ji, sun kuma ƙara wani abu da ido ba ya gani. Da asuba ɓangarorin biyu kan yi kusan daidai wajen laima, amma da rana ta ɗaga sai ta dajin turare ta faɗi da sauri, ta kurmi kuwa ta riƙa sauka a hankali, har yamma ta yi ba ta kai inda ta waje ta kai ba. Wato awannin da ganyen ƙasa yake bushewa har ya isa ɗaukar wuta suna da yawa a waje, kaɗan ne a ciki, a ranaku da dama ma babu su sam. Daga nan na fahimci cewa kariyar kurmi aikin haɗin gwiwa ne na dukkan itatuwan da suka rufe sama, kuma babu itace ɗaya a cikinsu da yake da wannan kariya idan aka bar shi shi kaɗai a fili.

Dajin turare shi ma yana gina yanayin da ya dace da shi, kuma a nan ne karatun ya fi burge ni. Yawancin nau'o'in turare suna da idanun toho da ke ɓoye a ƙarƙashin ɓawo, wasu kuma suna da wani kumburi a gindi mai ajiye abinci, don haka makonni kaɗan bayan gobara sai a ga baƙin kututture ya fito da sabon ganye tun daga ƙasa har sama. Wasu kuwa, irin su Eucalyptus regnans na jihar Biktoriya da Tasmaniya, wanda yake cikin itatuwa masu fure mafi tsawo a duniya, har akwai wanda ya kai kimanin mita 100, gobara mai tsanani kashe su take yi, amma irinsu yana zuba a kan toka ya tsiro da yawan gaske. 'Ya'yan turare ba sa iya girma a inuwa. Tun a shekarar 1959 J. M. Gilbert ya nuna cewa a wuraren Tasmaniya masu yawan ruwa, idan aka shafe shekaru 350 zuwa 400 babu gobara, manyan turaren za su tsufa su mutu ba tare da magada ba, kurmin da ya taso a ƙarƙashinsu ya gaje wurin. A shekarar 1968 kuma W. D. Jackson ya faɗaɗa wannan tunani, ya bayyana yadda yawan aukuwar wuta yake tura ƙasa ɗaya ta zama kurmi, ko dajin turare, ko fili mai ciyawa, kowanne kuma yana ƙarfafa irin yanayin wutar da ya haife shi. Saboda haka iyakar da muke aunawa tarihin gobarar wurin ce a rubuce a kan ƙasa.

Darasin da ya fi nauyi a wurina ya zo ne a shekarar 2019, wadda hukumar kula da yanayi ta ƙasar ta bayyana a matsayin mafi zafi kuma mafi ƙarancin ruwa tun da aka fara ajiye bayanai. A watan Satumba wuta ta kama a yankin gandun Lamington da ke kudancin Kwinslan, ta cinye tsohon masaukin baƙi na Binna Burra wanda aka kafa a shekarar 1933. A watan Nuwamba kuma ta shiga gandun Nightcap da ke arewa maso gabashin New South Wales, inda wani itace da ba a samunsa a ko'ina a duniya yake, wato Eidothea hardeniana, wanda masana ba su gano shi ba sai a shekarar 2000, kuma wasu daga cikin 'yan itatuwan da suka rage sun mutu. Waɗannan wurare suna cikin kurmin Gondwana da UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1986. Farin da ya daɗe ya sa itatuwa sun zubar da ganye fiye da yadda suka saba, rufin sama ya yi sako-sako, ƙoramu sun ƙafe, ganyen ƙasa ya bushe har ciki, sai tazarar nan ta laima da muke aunawa ta ragu ƙwarai. Duk da haka ya kamata a faɗi gaskiya: ko a wannan muguwar shekara wuta ta fi tsanani a dajin turare, kuma a wurare da yawa ta yi sanyi ko ta mutu bayan ta shiga kurmi. Bambancin bai gushe ba, amma ya daina zama abin da za a dogara da shi ido rufe.

Wutar kurmi ba ta da ban tsoro a ido, kuma wannan yana yaudarar mutane. A dajin turare harshen wuta yana hawa ɓawo ya kai ƙololuwa, iska kuma ta ɗauki ɓawon da ke ci ta jefa shi gaba, kamar yadda ya faru a gobarar ranar 7 ga Fabrairu 2009 a Biktoriya, wadda ta kashe mutum 173, inda aka samu sabuwar wuta ta tashi a nisan da ya haura kilomita 30 daga bakin gobarar. A kurmi kuwa sau da yawa wutar ba ta wuce gwiwa, tafiya take yi a hankali tana cin ganyen ƙasa. Amma ɓawon itatuwan kurmi siriri ne, kuma ganye yakan taru a lungunan manyan saiwoyin da suka fito kamar bango a gindin itace, sai wuta ta zauna a nan tana ci har ta dafa naman da ke ƙarƙashin ɓawo. Itacen yana iya tsayawa da ɗanyen ganyensa na wani lokaci, daga baya ya bushe ya faɗi, ya bar ƙofa a rufin daji. Ta wannan ƙofa rana da iska suke shiga, ciyawa da baƙon tsiron nan lantana su samu wurin zama, gobara ta gaba kuma ta tarar da hanya a buɗe. Itatuwan kurmi da dama suna sake toho daga gindi bayan wuta ɗaya mai sauƙi, wannan kuwa abin farin ciki ne, sai dai maimaituwar wuta kafin rufin ya sake haɗewa ita ce take karya su. Akwai kuma waɗanda ko sau ɗaya ba sa jurewa, irin tsofaffin itatuwan Athrotaxis na tsaunukan Tasmaniya, waɗanda gobarar da tsawa ta tayar a watan Janairu 2016 ta kashe a kewayen tafkin Mackenzie, wasunsu sun shekara ɗaruruwa a tsaye.

Wannan ya sauya yadda nake kallon ma'aunin haɗarin gobara da A. G. McArthur ya tsara a shekarun 1960, wanda aka gina a kan gwaje-gwajen dajin turare, ake kuma lissafa shi da zafi da laima da ƙarfin iska da tsawon fari. Ma'auni ne mai amfani, amma alƙaluman da ake ciyar da shi daga tashoshin da ke fili suke fitowa, ba su san abin da ke faruwa a ƙarƙashin inuwar kurmi ba. Ma'aikacin da yake shirin ƙona dajin turare da gangan domin rage makamashi, yana kuma sa ran kurmin da ke cikin kwari zai tare masa wutar kamar yadda ya saba, wajibi ne ya sauka kwarin ya taɓa ganyen ƙasa da hannunsa kafin ya ƙyasta ashana. Haka nan duk hanyar mota ko saran katako da zai yanka rufin kurmi, ina ganin ya kamata a lissafa shi a matsayin ƙarin haɗarin gobara, ko da itatuwan da aka cire kaɗan ne. Abin da aka yi domin ceton itatuwan Wollemi, wani daɗaɗɗen nau'in itace da 'yan kaɗan ne suka rage a daji, a lokacin gobarar 2019 zuwa 2020, inda aka saukar da ma'aikata daga jirgi mai saukar ungulu suka shimfiɗa bututun ban ruwa a cikin kwazazzabon da itatuwan suke, ya nuna cewa danshi ne maganin, amma irin wannan ɗawainiya ba za ta yiwu a kan miliyoyin hekta ba.

Ƙaunar kurmi ba ta hana ni ganin ɗaya ɓangaren ba. A tsaunukan arewacin Kwinslan akwai siririn dajin manyan turare, irin su Eucalyptus grandis, da ke bin gefen yammacin kurmi, kuma binciken da G. N. Harrington da K. D. Sanderson suka wallafa a shekarar 1994 ya nuna cewa kurmi yana mamaye shi cikin sauri. Masana da yawa suna danganta hakan da raguwar ƙunar daji irin wadda 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna yi a kan ƙa'ida da sanin lokaci. Dabbobin da suka dogara da wannan daji, ciki har da wata ƙaramar dabba mai jaka a ciki da ake kira bettong ta arewa, suna rasa mazauni idan inuwa ta rufe ciyawar ƙasa. A can aikin ma'aikacin gandun daji shi ne ya mayar da wuta inda aka hana ta, a lokacin da ƙasa take da sauran danshi, yadda za ta ci ƙananan tsirran kurmi da suka kutso ƙarƙashin turare ta kuma mutu da kanta a bakin tsohon kurmi. A kudu kuwa, a Nightcap da Lamington, aikinsa shi ne ya nesanta wuta daga bakin kurmin da ya riga ya ji rauni har rufinsa ya sake haɗewa, abin da zai ɗauki shekaru masu yawa, kuma kowace shekarar fari da ta faɗo a tsakani tana iya mayar da aikin baya.